Makon da Aka Ɗora wa Ƙafata Laifin Burki

In dai ina raye da hankalina, ba zan manta makon da 'yata ta karɓe mini makullin mota ba. Na yi tuƙi a Khartoum, na yi a Abidjan, na yi a Jidda inda kowa ke gudu kamar an koro shi, ban taɓa goge wa motar wani fenti ba. Sai ga ni a garinmu Katsina, da furfurata, na je na tunkuyi katangar wani bawan Allah a Ƙofar Marusa.

Zan sha kwana ne, na ɗora ƙafa a burki a hankali yadda na saba. Sai na ji yana nutsewa sannu-sannu har ya kai ƙasa, motar kuwa ta ci gaba da harkarta. Allah ya tsare, ba kowa a gabana. Fitila ɗaya ce ta fashe, bulo biyu suka faɗo.

Kafin la'asar labari ya kai wa babbar 'yata, wadda likita ce. Ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi jiki, ta tambayi gajiya, sannan ta ce, "Baba, ina makullin?" Ta tayar da motar, ta taka burki da ƙarfi sau uku, ya tsaya gam. Ta duba man burki, cike yake. Ta leƙa ƙarƙashi, ko ɗigo babu.

"Baba, burki lafiya lau. Gwiwar nan ce."

Uwargida ta ce, "Ai na daɗe ina faɗa. Ko daga sallah zai miƙe sai ya dafa bango."

Na yi musu bayani da Hausa, ban ga alamar sun gamsu ba. Na koma Turanci, na haɗa da Faransanci, har na ɗan taɓa Larabci. Uwargida ta bari na gama, ta ce, "Alhaji, da kowane yare ka faɗa, katangar dai ta faɗi."

Haka makulli ya shiga jakar likita. Wanda bai tsufa ba zai ɗauka abin wasa ne. Amma a wurina, motar nan ita ce zuwa Juma'a, ita ce ta'aziyya, ita ce hirar yamma da abokaina a wajen hasumiyar Gobarau. Yanzu duk inda za ni sai na roƙi a kai ni, a kuma yanka mini lokacin dawowa.

Kwana biyar ina zaune, sannan ta yarda mu kai motar a sa fitila, ita ke tuƙi, ni ina gefe kamar baƙo. Muka je wurin wani dattijon makanike a Ƙofar Sauri. Bayan mun gaisa, na faɗa masa abin da ya faru. Da a Turai ne, na'ura za su jona wa motar. Da a Abidjan ne, komai za su kwance su sa sabo. Shi kuwa tambaya ɗaya ya yi: "Wa ke tuƙa ta kullum?"

Na ce ni ne. Ya sa 'yata ta taka burkin. Ta taka, burki ya tsaya. Ya yi dariya ya ce, "Likita, ke kina taka burki kamar kin ga kunama. Alhaji, zo ka taka irin taka takawar, ka riƙe, kada ka ɗaga."

Na shiga, na san in ya tsaya a nan, ni da tuƙi mun rabu ke nan. Na ɗora ƙafa a hankali. Shiru. Can sai ya fara sauka, ya yi ta sauka har ƙasa. Wallahi ban taɓa murna da lalacewar abu irin ta ranar ba.

Ya ce da ita, "Koma ki gwada, amma da lallashi." Ta gwada, ya nutse. Ta kalle ni, ni kuwa na gyara hula na kalli sama.

Ya nuna mana masta, wato abin da ke tura man burki zuwa tayoyi. Robobin cikinta ne suka cinye. In aka taka da ƙarfi, robar sai ta baje ta toshe hanya. In aka taka a hankali, man sai ya zurare ta gefenta ya koma baya, duk a ciki, shi ya sa ba a ga yoyo ba. Ya sa sabuwa, sannan ya ce sai an fitar da iskar da ta shiga bututu. Ya kwanta ƙarƙashin mota, likita ta zauna a kujerar direba tana bin umarni. "Taka! Taka! Riƙe! Na ce riƙe, likita! To, saki." Taya huɗu aka yi haka, ina kan benci ina jin daɗina.

Daɗin bai daɗe ba. Yana goge hannu ya ce, "Alhaji, irin wanga ba ya zuwa rana ɗaya. Yaushe ya fara?"

Na yi gyaran murya. Na ce kamar mako uku, amma in na taka sau biyu yana kamawa.

"Mako uku, Baba? Kana ɗaukar Mama a ciki?"

Gaskiyar ita ce na ɓoye zancen ne don tsoron a ce tsufa ne. Ta daɗe tana juya makullin a hannunta, sannan ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce, "Ka yafe mini. Amma ko ƙara ka ji a motar nan, ni za ka fara faɗa wa."

Ni na tuƙo mu gida. Ita ta koyi cewa in tsoho ya kawo kuka, a gwada abin da irin ƙarfinsa kafin a yanke masa hukunci. Ni kuma na koyi wanda ya fi nauyi: matsalar da na ɓoye don kada a ce na tsufa, saura kaɗan ta ci ran wani da bai san hawa ba bai san sauka ba. Tun daga ranar, in abu ya fara nutsewa a ƙarƙashin ƙafata, a ranar nake faɗa.