Wasiyyar Babana da Na Ƙona

Ni ɗan Potiskum ne, babban ɗa a gidanmu. Dillancin shanu nake yi, ina samun na cefane. A kasuwa na koyi ƙaramar ƙarya: in sayar da sa da tsada, in faɗa wa mai shi wani farashin. Tun gabana yana faɗuwa har ya daina.

Da ciwon Baba ya tsananta, ya kira ni ya ba ni takarda mai sa hannun limaminmu. Wasiyya ce. Gonarsa ta Danchuwa ya bar wa Malam Buba, wanda ya yi masa noma tun ƙuruciya har ido ya fara gaza masa.

"Ba ya cikin magada, amma ɗan'uwana ne," in ji Baba. "Amana na ba ka."

Na ce, "In sha Allahu, Baba."

Bayan addu'ar uku, na jefa takardar a murhu. Ina juyowa na ga ƙanwata Hauwa tsaye.

"Yaya, mece ce wannan?"

Na ce tsohon rasit ne.

Aka raba gado liman yana Umra, gonar ta faɗo rabona, na sayar. Malam Buba ya zo yana dogara sanda, ya ce, "Ɗana, marigayi bai bar mini wata magana ba?" Na dubi tsohon da ya sha ɗaukata a kafaɗa, na ce babu. Ya yi wa Baba addu'a, ya tafi.

Da liman ya dawo magana ta tashi, har kotu. Hauwa ta yi rantsuwa, ta faɗi abin da ta gani tana kuka. Alƙali ya ce lalata wasiyya laifi ne mai ɗauri, ya tura ni gidan yari. Ya ce a mayar wa Malam Buba da gonar, amma tsohon ya rasu bai ga damina ba.

Da na fito, na je neman gafarar iyalinsa. Matarsa ta ce har ya rasu bai yarda ni na ƙona ba. Cewa yake takardar ɓata ta yi, ni yaron kirki ne.

Wannan maganar ta fi ɗaurin yi mini ciwo. Na tuba, ina kuma roƙon Allah ya karɓa.

Samari, idan mamaci ya bar muku wasiyya, ku kai ta gaban shaidu kafin zuciya ta fara yi muku lissafi. Ni na gama wa'adina, amma wanda zan roƙa ya yafe mini yana kabari.