Man Gyaɗan da Ya Fi Ƙarfin Soda

Har gobe ban manta da ranar da muka dafa sabulu a Tamawa ba. 'Yan shekaru ne bayan samun 'yancin kai, ina malamar ajin mata ta yaƙi da jahilci a ƙarƙashin En'e. Oganeza, wato mai duba azuzuwan gundumar Kurfi, ya turo ni da gwangwanin soda guda. Maigari kuwa ya ce in matan ba su ga amfanin ajin a hannu ba, mazansu za su janye su.

A kwas an koya mana ƙa'ida: gwangwanin soda ɗaya, kwalbar man gyaɗa shida. Soda ce ke cin mai ya zama sabulu, in ta ƙare aiki ya tsaya. Tun kafin a hura wuta kin san iyakar abin da za ki samu.

Na auna da hannuna, na bar matan suna tuƙawa, na shiga gaida uwargidan maigari. Da na fito sai na ga tukunya ta kusa cika. Raina ya ɗarsa, amma na ce ko kumfa ce. Muka juye a ƙore.

Washegari sabulu ya ƙi daskarewa. Mai kwance a sama, ƙasa kamar kunu. Na zargi sodar, na zargi ruwan rijiya, har kaina na zarga. Wata ta ce baki ne. Maigari ya aiko a tambaya ko kunun na sha ne.

Ina zaune na yi tagumi, sai Gwaggo Dije, dattijuwar ajin, ta dafa ni.

"Ɗiyata, mi ya yi zafi? Ai ba rashin mai ba ne. Kowa ta kawo nata."

"Wane nata, Gwaggo?"

"Gudummawa mana! Kina ciki matan unguwar Fulani suka iso, kowace da ludayinta. A maida ma mutum hannunshi? Muka zuba."

Ashe haka ne. A garin ba a ɗora tukunyar taro mace ta zo hannu rabbana. Na buɗe baki in yi faɗa, na dubi fuskarta, na kasa. Sai na ce man ya yi albarka har ya fi ƙarfin sodar.

Na bi 'yan kasuwa a ƙafa zuwa Dutsin-Ma, na roƙo wani gwangwanin a wurin malamar ajin can. Muka mayar da kunun kan wuta, ina ƙara soda kaɗan-kaɗan, don ban san yawan man da ke ciki ba. Ya kama. Har maigari ya samu sandar sabulu guda, ajin kuma ya rayu.

Ku da kuke shiga ƙauye yanzu, ku riƙe wannan: abin da ya yi kaɗan a tukunya shi ke yanke yawan sabulu. Mutanenmu kuwa ba a hana su zubawa. Tun daga ranar, gwangwani biyu nake tafiya da shi.