Ni Na Zuba Ƙwayoyin a Masai

Ƙanwata tana aure a Gumbin Kure. Haƙorin nan na can ƙurya, mai fitowa bayan mutum ya girma, shi ya fito mata a karkace. Ni na kai ta Jega aka cire shi. Kuncinta ya kumbura, ko kunu ba ya wucewa. Likita ya ba ta wasu ƙananan fararen ƙwayoyi, ya ce kwana uku kawai.

Kumburi ya saɓe, ciwo ya tafi. Ita kuwa ba ta bari ba. Ta ga tana cin tuwo sosai, tana yini a fadamar albasa ba gajiya. Duk ranar kasuwar Aliero sai ta nuna wa mai kemis kwalin ya ba ta. Fuskarta ta cika, mata suna cewa, "Ke, mijinki na kiwonki!" Sha-ka-fashe suke kiran ƙwayar, suna dariya. Wata bakwai tana sha.

Lokacin na shiga ajin yaƙi da jahilci a Maiyama, ina da shekara arba'in da wani abu, kaina na hayaƙi. Wata ma'aikaciyar lafiya ta zo ta gaya mana illar ƙwayar nan: ciwon suga, hawan jini, ƙashi ya lalace. Ban tsaya ta gama ba. Na hau mashin sai gidan ƙanwata.

Na iske ta tana surfe. Na ce, "Ina gubar da kike sha?"

Ta ce, "Yaya, daga iya rubuta sunanki har kin zama likita? Bar mini abina."

Na shiga ɗakinta, na zazzage kwallarta, na zuba su duka a masai. Na sa ta rantse da Alƙur'ani ba za ta ƙara saye ba. Tana tsorona tun muna yara. Ta rantse.

Kwana huɗu, sai amai, sai jiri. Tsayuwa ta gagare ta. A asibiti wata nas ta tambaye ni, "Wa ya ce ta bari lokaci guda? Ai rage shi ake yi sannu a hankali. Jikinta ya saba."

Kafin la'asar ƙanwata ta cika.

Mijinta ya ce kwana ne ya ƙare, kuma na san haka ne. Duk kakar albasa yana aiko mini da buhu, wai ni na yi ɗawainiya da ita. Shekara shida ke nan. Ina karɓa, in yi godiya. Har yau ban gaya masa ba.