Rakiyya, Jikar Madugu Ɗantsoho

Waɗanda suka san Rakiyya da tsufanta, tana dama kunun kanwa a bakin kasuwar Maigatari, da wuya su yarda a gidan soro aka haife ta. Kakanta shi ne Madugu Ɗantsoho, bafataken Gumel da ya yi suna wajen kai kanwa da gishirin Mangari Kano. In ayarinsa ya doshi gari, mata har leƙe suke ta kan katanga don su ga takarkaransa, shanun da ke ɗaukar kaya. A zaurensa kuwa ba a kife akushi, baƙo ya ci, ɗan gari ya ci.

Mahaifinta Ishaƙ ya gaji hanya, amma zamani ya riga ya juya. Turawa sun ja iyaka tsakanin Gumel da Damagaram, hanyar da ake bi a sake ta zama sai an biya fito nan, an biya can. Ishaƙ mutum ne mai sanyi. Ya yi ta lallaɓawa har shekarar da ciwo ya faɗa wa dabbobinsa a dawa, ya komo gida da igiyoyin rabinsu. Bai sake fita ba. Da ya rasu, gida ya koma hannun babban ɗansa, Hudu.

A lokacin ne Rakiyya ta dawo daga Gagarawa, mijinta ya rasu ya bar ta da ƙaramar 'yarta A'i. Ita ce ta ɗauko kan kakansu a ciniki, kowa ya sani, amma mace ce. Da ta ji fatake na cewa jirgin ƙasa ya iso Kano, ana neman gyaɗa ido rufe, sai ta sami yayanta.

"Yaya, hanyar kanwa ta tsufa. Ga takarkarai muna da saura, ga gyaɗa a ƙauyuka har Ɗanzomo. Mu sara mu kai Kano."

Hudu ya gyara zaman rigarsa ya ce, "Jikan Ɗantsoho ne zai tsuguna yana awon gyaɗa? Ki koma ciki, Rakiyya. Giwa ko ta rame ta fi ƙarfin kwando."

Ta koma ciki. Cindo, wanda da can shi ke kora musu shanu, ya fara sarin gyaɗa da jaki ɗaya, kafin a ankara ya gina shigifa.

Sai damina ta ƙi, yunwar Kakalaba ta shigo. Hudu ya rantse ba za a ce zauren Ɗantsoho ya mutu a hannunsa ba. Da ma matalauta yake ciyarwa, da Rakiyya ta haƙura. Abokan hira ne da maroƙa, masu ci su lashe hannu su ce, "Gaba dai, gaba dai, jikan madugu!" Ya yanka takarkari, ya sake yanka wani. Cikin gida kuwa dusa ake gayawa da ganyen tafasa. A'i ta fara zawo, cikinta ya kumbura. Rakiyya ta tsaya a bakin zaure, inda mace ba ta zuwa.

"Yaya, a ba ni ko tafin gero in dama wa yarinyar nan."

"Ba ki ga da baƙi ba? Kada ki kunyata ni. Bari su tashi."

Ba su tashi ba sai da suka sauke kwano. Kwana kaɗan bayan haka A'i ta cika. Rakiyya ba ta yi kururuwa ba. Da aka yi sadakar uku ta ɗaure tukunyarta da ludayi, ta kama hanyar Maigatari a ƙasa.

Labarin gida yana iske ta a bakin masu shan kunu. Rumbuna sun ƙare, abokan hira sun koma ƙofar Cindo. Hudu ya cire azarar soro ya sayar, damina ta gaba ta kwantar da ginin.

Shekaru sun ja kafin ta sake ganinsa. Ranar kasuwa ce, da azahar, ya tsaya a gabanta cikin tsohuwar riga duk faci, ya yi furfura. Ta zuba masa kunu a ƙoƙo ba tare da ta ɗaga kai ba. Ya sha.

"Rakiyya, ba za ki ce mini komai ba? Ciki ɗaya fa muka fito."

Ta karɓi ƙoƙonta ta ɗauraye, ta juya ga mai saye na gaba ta ce, "Malam, na nawa?"

Hudu ya rasu a Ɗanzomo yana ƙwadago a gonar wani. Da aka gaya mata, ta tambaya ko an sallace shi. Aka ce an yi. Ta ce, "Allah ya jiƙan musulmi." Ba ta je gaisuwa ba, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta ƙara taka Gumel ba.