Taron Ranar Alhamis a Wayar Umma

Ina da shekara goma sha uku albaras ya haura daga yatsuna zuwa gefen bakina. A fata irin tamu ba ya ɓuya, tun daga bakin lungunmu a unguwar Hindawiyya ta Makka ake hango shi. A lokacin na daina kuka a kai. Makaranta kawai nake zuwa, in dawo in kwanta.

Likitar fatar da ke duba ni, wata 'yar Sudan, ita ta ba Umma shawarar saka ni a taron da take haɗawa ta kiran bidiyo, duk Alhamis bayan la'asar. Mu bakwai ne, duk baƙaƙen yara, daga Makka, Jidda, Khartum da Kano. Wasu albaras, wasu ƙaiƙayin da ba ya warkewa.

Umma ta miƙo mini wayarta. "Yalla, ki gaishe su."

Na ajiye wayar tana kallon sama. Wata biyu fankar ɗakinmu kaɗai suka sani. Ina jin su suna nuna wa juna hannu da wuya, suna faɗin abin da aka ce musu a aji. Ban ji tausayinsu ba, ban ji haushi ba.

Ran nan wata yarinya daga Kano, wadda susa ta tsattsage mata wuya, ta ajiye Larabcin Islamiyyar da take lallaɓawa da shi, ta yi mini Hausa.

"Ke ta Makka, da gaske kina ganin Ka'aba?"

"In mun je."

"To ki wanke da zamzam mana."

"Tun ina shekara bakwai ake wanke ni da shi."

Ta ce, "Ki yi mini addu'a dai. Ni ko barci ne in riƙa samu."

Na ɗaga wayar suka ga fuskata. Likita ta ci gaba da bayanin man shafawa.

Ranar Juma'a muka je Harami da Umma. Na tsaya na roƙa wa yarinyar barci, da Hausa, sau uku. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba, sai mutane da ke ture ni ta baya.

Da na gaya wa yarinyar ta yi godiya, tana magana tana susa. Bayan shekara guda likitar ta koma ƙasarsu, taron ya watse. Ni da yarinyar muka ci gaba da gaisawa jefi-jefi, har lambarta ta daina shiga. Na gwada sau biyu, na bari.