Gyaran Murya

Wanne zai danna da ya dawo, tsohon ko sabon? Na tambayi kaina a kan tabarmar salla, na tambaya ina tankaɗe, har yau ban samu amsa ba. Mutum ɗaya ne ya sani, shi kuwa yana kwance gabas da gari, bayan gonakin gyaɗa.

Maigidana mai gyaran rediyo ne. Yana da rumfa a kasuwar Guci, ranar kasuwar Mallawa kuma ya ɗaura akwatin kayan aikinsa a bayan moto, wato babur, ya tafi. Tun ina amarya bai taɓa shigo mini gida haka kawai ba. In ya iso zaure sai ya yi gyaran murya kafin sallama. Sau biyu yake yi, na farko gajere, na biyu ya ɗan ja shi kamar mai tambaya. Ko ina bayan ɗaki ina jin wannan na san in gyara ɗankwali, in zuba ruwa a buta. Maza da yawa suna gyaran murya a ƙofar gidajensu, amma ko cikin taron suna ne ina iya tsince nasa.

Da girma ya zo, kunnena ya yi nauyi. 'Ya'yanmu biyu da suka rayu sun tashi, macen tana aure a Sassumbrum, namijin yana can arewa wajen neman abinci. Gidan ya rage daga ni sai Malam. Sai ya zamana ba na jin shigowarsa. Ina zaune ina tsince wake, sai dai in ga inuwa ta faɗo a kan faifai, gabana ya faɗi. Ran nan har na zubar da waken.

"Kai Malam, haka ake shigo wa mutane kamar ɓarawon kaji?"

"Na yi gyaran murya har maƙogwarona ya kusa tsagewa," in ji shi. "Akuyar maƙwabta ma ta amsa. Ke ce dai kika tsufa."

"Ni kaɗai na tsufa? Kai fa, jiya aka yaye ka?"

Ya yi dariya, amma na ga abin ya tsaya masa a rai.

Ba a jima ba ya dawo daga sayayyar kaya a Kano da wani ɗan allo kore, bai fi tafin hannuna ba, jikinsa duk ƙananan ƙarafa. Ya ce ordinater ce sukutum, wato kwamfuta irin ta ofis, an dai matse ta ne. Ban yarda ba, amma ban yi musu ba. Ya yi makonni yana fama da ita a tsakar gida, ya haɗa ta da tsohuwar tele ɗinmu ta kallo da wani faifan maɓallai, yana kallon masu koyarwa a salularsa yana tsaki. Da ya gama ya ce in ba shi abin da zai rufe ta saboda ƙura da kaji. Gwangwani ba zai yi ba, wai ƙarfe yana tare mata hanya. Na ba shi ƙwaryar da na daina damun fura a ciki domin ta tsage. Ya huda ta, ya kifa a kan allon, ya ja waya zuwa batir ɗin sola, ya ja wata zuwa lasifikar da ya rataye a saitin gadona. Tun daga ranar ba mu ƙara kiranta ordinater ba, ƙwarya muke cewa.

Ƙwaryar nan ta san salularsa. Babu waya tsakaninsu, ta iska suke gane juna, abin da suke kira bulutut. Da ita yake sako mini karatun Alƙur'ani da labarai da ƙarfi yadda zan ji. Amma ba don wannan ya yi ta ba. Ya ɗauki gyaran muryarsa ya saka a ciki. Da ya iso zaure, salula tana aljihunsa, sai ƙwarya ta gane ta, lasifikar ɗakina ta yi gyaran murya sau biyu, gajere da dogo. Ranar farko da ta yi, na miƙe na gyara ɗankwali kafin in tuna cewa na'ura ce. Ya shigo yana murmushi kamar wanda ya ci kokawa.

Haka muka yi shekaru. Daga baya abin ya fara ciwo. Karatu ya riƙa yankewa kamar mai shaƙuwa. Gyaran muryar ma ya fara makara. Sai Malam ya shigo, ya zauna, ya cire hula, sannan lasifika ta yi gyaran murya a kanmu.

"To ga wani kuma ya iso," nakan ce. "Tashi ka ba shi wuri."

"Wannan ƙanena ne, kullum a baya yake."

Ya ce abin da ke cikin allon ne ya tsufa, wanda ke kula da sauti. Sai an yi masa mizajur, wato a sauko da sabo ta rezo, sabis ɗin salula ke nan, a ɗora a kan tsohon. Ya yi ta ɗagawa domin rezon garinmu sai an yi dace. Wata safiya ta farkon damina rezo ya yi kyau. Ya kunna tele, ya jawo faifan maɓallai, fararen rubutu suka yi ta gudu a kan baƙin gilashi. Har kununsa ya huce. Can ya ce kayan sun gama saukowa, saura su zauna, kuma zaman nan yana da nawa. Ranar kasuwar Guci ce, akwai mai jiran rediyonsa. Ya kashe tele don kada ta sha batir, ya bar ƙwarya da ɗan jan haskenta yana leƙowa ta tsagar. Ya yi mini magana daga bakin ƙofa, ya fita.

Kafin la'asar aka kawo shi. An ce yana cikin ɗaure wata waya ya kife a kan teburinsa, ko kalma bai yi ba. Maza suka shigo da shi ta zaure, salularsa tana aljihun rigarsa. Ina tsaye a ƙofar ɗaki, kuma Allah ya sani kunnena yana wajen lasifika. Ba ta ce komai ba. Tun da aka kawo ni gidan nan, ranar ce kaɗai ya shigo mini babu gyaran murya.

Na shiga takaba. Da masu gaisuwa suka watse, 'yata ta koma ɗakinta, sai gidan ya zama ni da jan hasken nan. Na hana kowa taɓa shi. Damina ta yi ƙarfi, hadari ya riƙa wuni a sama, batir ɗin kuma tsoho ne. Na cire ƙwan fitilar ɗakina don kada ya ci rabon ƙwarya, na koma cin tuwona tun da sauran haske. Faifan sola yana kan rumfa, na sa aka sauko mini da shi. Da safe in jingina shi ta gabas, da yamma in ja shi yamma, in goge shi da gefen zanena. Maƙwabciyata da ta saba kawo salularta caji ta zo na ce ta yi haƙuri.

"Yaya, wai wutar wa kike tsaro haka? Abin nan ko tari ba ya yi."

"Aiki yake."

"Wane aiki ne tun shuka har gero ya yi kai?"

Ni dai na san an bar mini abu a kunne. Kuma a raina ina cewa, duk ranar da ya gama abin da yake yi, zai sake gane salular nan. Da aka yi rabon gado ita kaɗai na roƙa. Ina yi mata caji kaɗan kaɗan. Wani lokaci in ƙulle ta a bakin zane, in je zaure in tsaya, in dawo a hankali. Shiru.

Bayan na fita takaba, an fara yankan gero, sai ga wanda Malam ya koya wa gyara tun da daɗewa. Yanzu magidanci ne, har da furfura a gemu, yana da shagonsa a Magaria. Ya zo gaisuwa tun farko, amma a waje ya tsaya tare da maza. Wannan karon ya shigo, ya durƙusa, muka gaisa, muka yi kuka kaɗan. Sai idonsa ya kai kan ƙwarya.

"Inna, wannan tun yaushe take kunne?"

"Tun ranar."

Ya dube ni, ya dubi wurin da ƙwan fitila yake a da. Ya nemi izini ya kunna tele. Rubutun yana nan, ya tsaya cik, wani ɗan fari yana ƙyaftawa a ƙasa. Ya karanta, ya duba wani abu a salularsa, ya sake karantawa.

"Inna, ai ba aiki take ba. Tambaya ta yi, take jiran amsa."

Ya yi mini bayani yadda zan gane. Sabon ya sauka, ya zauna, sai ya iske wani wuri da Malam ya gyara da hannunsa. Shi ne ya tsaya yana tambaya: a bar na mai gida, ko a sa sabon tsari? Ina jin Malam bai kai bakin kasuwa ba ta yi tambayar. Duk daminar nan ni ina jiranta, ita tana jiran shi.

"In an bar nasa fa?"

"Wataƙila komai ya dawo yadda yake. Wataƙila kuma sabon ya kasa jituwa da shi, sauti ya ƙi fita sam."

"In an sa sabon?"

"Sauti zai fita tas. Amma abin da ya ɗaura da hannunsa zai iya kwancewa."

"Kai da ka zauna da shi, wanne zai zaɓa?"

"Wallahi Inna ban sani ba. Rediyo ya koya mini. Wannan da tsufansa ya koye ta, shi kaɗai."

Na ce ya nuna mini maɓallan. Ban san baƙi ko ɗaya ba, amma na ga ɗaya kamar gwafa, shi ne na sabo, ɗayan kamar ƙyauren kara da aka gicciya wa sanda, shi ne na tsoho. Na daɗe ina kallonsu. Na tuna Malam ba ya jefar da komai, ko guntun waya sai ya nannaɗe ya adana. Na kuma tuna kununsa da ya huce a safiyar nan. Mutum ba ya barin kununsa ya huce don abu ya zauna yadda yake. Na sa yatsa na danna gwafar.

Rubutu ya ci gaba da gudu kamar ba abin da ya faru. Kafin in gama alwalar azahar ya ƙare. Sai ya ce saura a cire ta daga wuta a mayar, don ta tashi da sabon. Ya miƙa hannu wajen wayar.

"Bari," na ce. "Ni aka bar wa."

Na zare. Jan hasken ya mutu. Na ji kamar yanzu ne aka fita da shi daga gidan. Na mayar, ya dawo.

Ya sake gabatar da salular ga ƙwarya, domin ta manta ta. Ya sako karatu, ya fito garau, babu yankewa ko kaɗan, ko lokacin da take sabuwa ba ta yi haka ba. Na ce ya kashe. Na ƙulle salular a bakin zane, na fita har bayan zaure, gindin dogon yaro inda Malam yake jingine moto. Na juyo, na shigo ta zaure a hankali, na tsaya a tsakar gida. Lasifika ta yi wani ɗan ƙara siriri, irin na agogon hannu. Shi ke nan.

Bawan Allah nan ya wuni yana nema. Ya samo gyaran muryar kanta a cikin allon, ba ta ɓace ba. Amma yadda Malam ya ƙulla ta da shigowa, ya gwada ya gwada bai gano ba. Ya danna mini na ji, gajere da dogo. Na riƙe bakin gado. Ya saka mini ita a salula, ya nuna mini inda zan taɓa duk lokacin da na so, ya ce zai tambayi masana a Damagaram. Ya mayar mini da ƙwan fitila kafin ya tafi.

Na taɓa wurin sau ɗaya bayan tafiyarsa, ban ƙara ba. In ni na kira ta, tari ne kawai na wani tsoho. Da can in ta yi, akwai mai shigowa a bayanta.

Yanzu ina jin karatu kullum da safe, garau, yadda ya so in ji. Saƙon muryar ɗana ma ta nan nake saurara. 'Yata, wadda nake faɗa tana rubuta wannan, ta ce in koma Sassumbrum wurinta, a ɗauki ƙwarya da batir a tafi da su. Na ce sai bayan an kai gero rumbu. An kai, na ce sai bayan sanyi. Har yanzu in na dawo daga unguwa nakan rage tafiya a zaure, salula a bakin zanena, ko da ƙanen nan nasa mai makara zai iso.

Da na danna ƙyauren, da wataƙila yana yi mini gyaran murya har yau. Da wataƙila kuma ɗakin ya yi shiru gaba ɗaya. Shi ya san wanne ne, kuma da niyyar dawowa ya amsa ya fita. Yana tsaye a bakin ƙofa, akwatinsa a kafaɗa, ya ɗaga murya don in ji:

"Tsohuwa, kada ki cire ta daga wuta. Yanzu zan dawo."