Ƙanƙarar Kaka Dinah da Jinin Mata Arba'in

Faɗan Kaka Dinah da Magdalene a kan cokali biyu ne na jini. Kaka, mai sayar da zoɓo a bakin asibiti, ta ji ana neman masu hawan jini don wani bincike, ta shiga ta miƙa hannu. Da aka gama ta ce, "To, ina maganin?"

Magdalene, mai ɗibar jinin, ta ce, "Babu magani, Kaka. Tun kafin in soka allura na faɗa miki."

"Na ɗauka kunya ce irin ta 'yan boko! Ke, ko sauro in zai sha jinin mutum waƙa yake yi masa."

Magdalene ba ta yi fushi ba. 'Yar soja ce, a bariki aka haife ta. Da babanta Haggai ya rasu suka dawo Zuru, ta yi noman dawa da uwarta har ta samu ta koyi gwajin jini. Shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki. Hannunta ba nauyi, bakinta kuma bai iya daɗin baki ba.

Ta zaunar da Kaka ta ce, "Abubuwan gado da ke cikin jini kamar ɗakuna ne a babban gida. Wani an hura wuta, wani a rufe. Hayaƙin muke son gani, mu san ɗakin da ciwo ya tasa. Amma in jinin ya ji zafi, hayaƙin ya watse ke nan."

"Yaushe za ku gani?"

"Wataƙila shekara bakwai."

"Golmo ke nan! Shekara bakwai marigayi Philemon ya yi wa babana noma kafin a ba shi ni. Shi ko ya san abin da zai samu." Ta fita tana mita, sati uku ba ta amsa gaisuwar Magdalene ba.

Sai wata Alhamis cikin bazara, wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, motar da za ta kwashi jinin kuma sai la'asar. Kwalabe arba'in ne a firij, yawanci na matan da suka hawo babur tun daga Bena da Ribah, kowacce Magdalene ta yi mata alkawarin ko ɗigo ba zai tafi a banza ba. Wani abokin aikinta ya ce a tura haka nan, wa zai sani? Ta ce ita za ta sani.

Da tsakar rana Kaka ta hango Magdalene tana zagaye shaguna, gumi har gwiwar hannu, ba ƙanƙara ko'ina. Ta kira ta.

"Jinin nan, nawa yana ciki?"

"Yana ciki, Kaka."

Kaka ta kwashe robobin zoɓonta ta jera a ƙasa, ta tura mata kular da ƙanƙarar duka. "Ɗauki. Ba don ke ba, don cokalina biyu." Zoɓo ya zama shayi, amma da motar ta iso, jinin da sanyinsa.

Bara aka mayar da Magdalene Birnin Kebbi. Ta zo sallama, ta durƙusa ta ce sakamako bai fito ba tukuna.

Kaka ta kama hannunta ta ce, "Je ki, 'yar nan. Da kin iya ƙarya da tuni kin yi mini ita. In ya fito bayan na bi Philemon, ki zo kan kabarina ki faɗa mini. Ki tsaya ta dama, kin san kunnen hagun ba ya ji."